Yadda ake rabuwa da kayan da suka cika ɗaki: a sa a intanet ko a baza a ƙofar gida?

Ranar da mai gida ya aiko cewa haya ta ƙare, kuma in za a sabunta kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule, ranar mutum yake sanin yawan tarkacen da ya tara. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida gaba, amma duk wanda ya taɓa neman ɗaki a Accra ya san dokar nan a takarda take kwana. Mu dai tattarawa muka yi daga Mamobi za mu koma can bayan Madina, kuma ɗakin da muka samu ko rabin kayanmu ba zai ci ba. Da aka ɗaga gado sai ga fanka biyu, ɗaya ta karye a wuya, ga keken ɗinkin da aka daina takawa tun haihuwar auta, ga kuloli na biki har tara, ga tsofaffin wayoyi a gwangwanin madara. Ban da ƙaramin firji da kujeru.

A Amurka in mutum ya shiga irin wannan hali, sai ya zaɓi wata Asabar ya jera kayan a filin gaban gidansa ko bakin gareji, ya liƙa wa kowanne farashi, masu wucewa su tsaya su saya. Mu a zango ba mu da gareji, amma muna da tsakar gida da ƙofar gida, kuma tun kafin a san waya muna da dillaliya. Yanzu ga intanet ta zo. Na gwada duka biyun, kuma abin da na gani shi ne: a intanet baƙo kake sayar wa, kuɗin ya fi kauri amma sai ka tsare kanka daga ɗan damfara, a ƙofar gida wanda ya san ka kake sayar wa, kaya na tafiya da sauri amma kunya da bashi suna cinye ribar. Don haka ba zaɓen ɗaya ake yi ba. Kowane kaya da kasuwarsa, kuma akwai wadda ake fara ci kafin wata.

Mataki na farko: ware kayan

Ka ba kanka kamar mako uku kafin ranar tashi. Fito da komai waje, ka yi wa kowane abu tambaya ɗaya: wannan ya kai mutum ya hau trotro, wato motar haya, daga Kasoa ko Ashaiman, ya sha cunkoson hanya, don ya zo ya gan shi? In ya kai, na intanet ne. Yawanci irin kayan nan suna da sunan kamfani da lambar samfuri: waya, kwamfuta, talabijin, firji, janareta, keken ɗinki, tukunyar gas, gado da kujeru masu kyau. Mai nemansu sunan yake bugawa a waya, ya san abin da yake so.

Wanda bai kai ba, na ƙofar gida ne: kwanuka, kuloli, bokitai, labule, takalma, kayan yara, darduma. Tufafin da aka sa kuwa kada ka wahalar da kanka da ɗaukar hotonsu. Garin da ke da Kantamanto, inda ake kwance dilolin gwanjo daga ƙasashen waje ba dare ba rana, babu mai biyan kuɗin mota don tsohuwar rigarka. Atamfa mai tsada ko shadda ko leshin da ba a ɗinka ba, wannan zance ne daban, suna da masu so.

Kashi na uku ƙarafa ne da matattun na'urori. Na huɗu na sadaka.

Kafin ka ci gaba, tabbatar kayan naka ne. Kayan ɗakin mace nata ne, ko da shekara goma ba ta buɗe su ba. Ita za ta ce a sayar, kuma kuɗin hannunta za su shiga. Kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Ƙaramar magana ce a baki, amma ta raba zumunci a gidaje da yawa.

Mataki na biyu: sa farashi

Buɗe Jiji, shafin saye da sayarwa na intanet, ka nemo irin kayanka, ka duba tallace-tallace kamar goma. Sai dai ka tuna abin da kake gani farashin da masu kaya ke fata ne, ba wanda aka sallama ba. Tallan da ya yi wata biyu yana nan, farashinsa ne ya hana shi tafiya. Daga nan ka tambayi kuɗin sabo a yau, ba kuɗin da ka saya shekara huɗu da suka wuce ba, don sidi ya yi hawa da sauka tun lokacin. Waya a tambaya a Circle, kayan kicin a Makola ko kasuwar Nima.

Ni ma'aunina shi ne: abin da ke aiki lafiya kuma bai ji jiki ba, ina farawa daga wajen rabin kuɗin sabo, in ɗan ɗora abin da za a rage a ciniki. Sannan in rubuta a takarda farashin da ba zan sauka ƙasa da shi ba, tun kafin kowa ya kira. Wanda bai yanke wannan shi kaɗai ba, mai saye ne zai yanke masa.

Lokaci ma farashi ne. Firji da injin markaɗe da kuloli suna tashi gab da azumi. Fanka a zafin Fabrairu da Maris. Akwatin ƙarfe da na katakon nan da 'yan makarantar kwana ke zuba gari da suga da shito, sai lokacin da 'yan aji ɗaya za su tafi. Ƙarshen wata ya fi tsakiyarsa. Mako biyu kafin Sallah kuwa kuɗin kowa na wajen tela.

Mataki na uku: wanke, gwada, ɗauki hoto

Sabulu da tsumma suna ƙara wa kaya kuɗi fiye da duk wani daɗin baki. Firji a kashe shi ya narke, a wanke, a bar ƙofar a buɗe ya sha iska. Tukunyar gas a shafa ruwan kumfa a bakinta a ga ko tana yoyo. Waya kuwa, kwashe hotunanka, cire sim da katin ajiya, fita daga asusunka na Google ko iCloud, sannan ka goge ta ta koma kamar ranar da ta fito daga kwali. In ka goge ba ka fita daga asusun ba, za ta kulle a hannun mai saye, ya dawo yana kiran ka ɓarawo. In kwali da rasit suna nan, haɗa da su, su ne shaidar cewa ba ta sata ba ce.

Hoto da safe ake ɗauka, a waje, a inuwa, a jikin bango marar tarkace. Gaba, baya, gefe, ciki, da takardar da ke ɗauke da lambar samfuri. In firji ne ɗauki rawayar takardar nan mai taurari, domin mai mitar kati abin da ya fara tambaya ke nan: yana shan wuta? Talabijin a ɗauke ta a kunne. Ka kuma duba abin da ya shiga hoton ba da saninka ba, kamar fuskar yara, lambar gida, ko kai kanka da singileti a cikin gilashin talabijin.

Inda ya fashe ko ya ƙoƙe, ɗauke shi kusa ka nuna. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kowa ya san hadisin tarin abincin da aka sa jiƙaƙƙen a ƙasa. Ko ta fuskar kasuwa ma, wanda ya ga tabon a hoto ya zo, ya zo saye ne. Wanda ya tarar da shi a gabanka kuwa, da shi zai karya maka farashi.

Mataki na huɗu: sa talla

Fara da na kusa. Ɗora hotunan a sitatus na WhatsApp da zaurukan unguwa, na masallaci ko na 'yan makarantarku, ka ba su kwana biyu. Nan ne tsaka-tsaki: mutanen sun san ka, ba sai an yi dogon bincike ba, kuma ba su tsaya a kanka ido da ido ba balle kunya ta kama ka. Keken ɗinkinmu a nan ya tafi, wata mai koyon ɗinki a Kotobabi ta aiko yayanta ya ɗauka.

In bai tafi ba, sai manyan kasuwanni. Jiji ce ta fi cika a yanzu. Ita ta karɓi harkar OLX, wani shafin talla irinta, a Ghana a 2019, ta kuma sayi Tonaton a 2022. Tonaton ɗin, wadda sunanta ke nufin saye da sayarwa a yaren Twi, tun 2013 take. Akwai kuma Facebook Marketplace, inda kake iya leƙa shafin mai tayawa ka ga ko jiya aka buɗe shi. Sa talla na yau da kullum kyauta ne, ana biya ne in ana so a ɗaga shi sama. Don kaya biyar ko shida na gida, ban ga dalilin biya ba.

Ka yi rajista da lambar waya, ka zaɓi rukunin kaya da yankin da kake, ka ɗora hotuna, ka rubuta bayani. Da Turanci za ka rubuta, don masu sayen Ga ne da Asante da Ewe da kowa. In Turancin bai zauna ba, ɗan makaranta a gida ya taya ka. Sunan kamfani, samfuri, shekarun da ya yi a hannunka, aibinsa, dalilin sayarwa, farashi. Unguwa kawai za ka ambata, ban da gida. Kuma ka riƙe wannan da kyau: waɗannan shafuka haɗa ku kawai suke yi. Ba sa riƙe kuɗi, ba sa kawo kaya. Abin da ya biyo baya tsakaninka ne da mai saye.

Mataki na biyar: ciniki da karɓar kuɗi

A nan ake kuka, don haka zan daɗe.

Saƙo zai yi ta shigowa. Mafi yawa tambaya ɗaya ce, "Yana nan?", ka amsa, shiru. Wasu ko gaisuwa babu sai "Nawa ne na ƙarshe?" Kada ka zubar da farashinka ga wanda bai ga kaya ba, ce masa ya zo ya gani, a yi magana. Wasu 'yan sari ne, za su taya rabin abin da ka sa don su je su sayar. Ba laifi ba ne, sana'a ce, ka ce albarka ka ajiye lambarsu, ranar ƙarshe suna da amfani. Kada ka ajiye wa kowa kaya da alkawarin baki. Mai so a ajiye masa ya ba da kafin alƙalami, a kuma sa rana.

Ƙaramin kaya kamar waya, a haɗu da rana a wurin jama'a: gidan mai, cikin Accra Mall, ko gaban ofishin 'yan sanda, kuma kusa da rumfar mai MoMo, wato wakilin tura kuɗi da cirewa ta waya. Kada ka je kai kaɗai, kada ka yarda a canja maka wuri a minti na ƙarshe zuwa wani lungu. Babban kaya dole a zo gida, to a fito da shi ƙofar gida ko zaure tun kafin su iso, a ja waya a kunna a nan, baƙo bai ga cikin ɗakinka ba. Mace kada ta karɓi baƙon intanet ita kaɗai a gida. Kuɗin aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, na mai saye ne, a faɗa tun a waya. In firji ne, gaya masa a ɗauke shi a tsaye, in kuma dole ta sa an kwantar, ya bar shi tsaye wasu sa'o'i kafin ya kunna, kada gobe ya ce ka sayar masa da matacce.

Ga abin da ya same ni a kan talabijin. Wani ya kira da ladabi, har da "Alhaji" alhali ban je ba, bai nemi ragin ko sidi ɗaya ba. Ya ce yana wurin aiki, zai turo mai babur, kuɗi kuma ya riga ya tura. Sai ga saƙo ya shigo, adadin daidai, tsarin rubutun kamar na gaske. Mai babur na ƙofar gida yana ta danna ham, shi kuma yana kira yana cewa a yi sauri. Ƙanena ne ya ce, "Yaya, duba asusun tukuna." Na duba, ko pesewa ba ta shiga ba. Da na sake kallon saƙon, daga lambar waya ta mutum ya fito. Na ce wa mai babur kuɗi ba su iso ba, ya juya, lambar kuma ba ta sake shiga ba.

Don haka saƙo ba kuɗi ba ne, hoton rasit ma ba kuɗi ba ne. Buga *170# in MTN kake, ko lambar layin da kake amfani da shi, ka ga kuɗin da idonka kafin kaya su bar hannunka. Lambar sirrinka ba ta da aiki wajen karɓar kuɗi. Duk wanda ya ce wani abu zai fito a wayarka ka sa lambar don kuɗi su shigo, cira yake so ya yi. Wanda ya ce ya turo fiye da kima bisa kuskure ka mayar masa, duba asusun, in ma gaskiya ne ya bi ta kamfanin layin. Harajin tura kuɗi da aka fara a Mayun 2022 an soke shi a Afrilun 2025, saboda haka babu batun a rage maka don shi, amma kuɗin cira a wurin wakili na nan, ku yi maganar wanda zai ɗauka. In kuɗin hannu ne masu yawa, ku taka tare wurin mai MoMo a zuba a asusunka. Shi ya fi ka sanin jabu.

Mataki na shida: ranar baza kaya

Wannan a makon ƙarshe ake yi, bayan manyan kaya sun tafi. Fara da sanar da mai gida da 'yan haya, don tsakar gidan ba taka ce kai kaɗai ba. Kada ka tare lungu, kada ka kai kaya bakin babban titi inda ma'aikatan hukumar gari ke kwashe kayan masu talla. Asabar da hantsi ta fi: Juma'a rabin yini ce, Lahadi kuwa zango na wurin biki. In a watan Yuni ne, lokacin da ruwan Accra ba ya sallama, tanadi leda babba ko rumfa. Sanarwa kwana biyu kafin ranar ta isa, a sitatus, a bakin masallaci, a wurin mai koko da mai waace. Mata uku suka ji, unguwa ta ji.

Shimfiɗa tabarmi, kowace da farashinta: ta sidi biyar, ta goma, ta ashirin. Ya fi a liƙa wa kowane cokali takarda. Masu ɗan tsada a ɗora a tebur kusa da kai. Tanadi canji tun jiya, 'yan sidi ɗaya da biyu da biyar, domin mai sayen farko da takardar 200 zai zo ya ɗauki abin sidi goma. Mutum ɗaya ke riƙe kuɗi a jakar ɗamara, wani na sa ido a kaya, ɗakuna a kulle. A ja wayar wuta ɗaya don gwaji. Kuma a ce wa maƙwabta su shigar da nasu. Mu saura kaɗan a sayar da bokitin matar ɗakin kusa da mu.

Ka kula da lissafin tsofaffi. Tun Yulin 2007 aka cire sifiri huɗu daga sidi, amma har gobe akwai mai ce wa sidi 100 miliyan ɗaya. In tsohuwa ta ce "dubu hamsin", sidi biyar take nufi. Maimaita farashi, ka nuna takardar kuɗin in ta kama.

Sai babbar matsalar. Wata dattijuwar gidanmu ta ɗaga kula mafi kyau ta juya ta.

"Ɗana, wannan fa?"

"Mma, sidi sittin ce."

"Dubu ɗari shida? Ni da na dafa wa matarka ruwan jego? To bari in ɗauka, in na kwashi susu na aiko."

Me za ka ce? Gaskiya ta faɗa, ta dafa. Kular ta tafi, kuma ni da ita mun san babu susun, wato adashin, da zai biyo baya. Kafin azahar irin wannan ya faru sau huɗu. Ba sharri ba ne, haka zaman tare yake, kuma bashin sidi sittin ba wanda zai hau mota daga Madina ya zo karɓa.

Maganinsa biyu ne. Na ɗaya, waɗanda ka san suna da haƙƙi a kanka, ware musu nasu tun daren jiya ka kai musu har ɗaki a matsayin kyauta. Ka fita kunyarsu, sun sa maka albarka, gobe kuma ba za su taya ba. Na biyu, kada mai kaya ya zauna a kan kaya. Ɗora wata 'yar'uwa mai baki, wadda ba a unguwar take ba, ka ba ta farashin ƙarshe na kowane abu, kai ka koma ɗaukar kaya da kawo ruwa. Ita tana iya cewa "Hajiya, albarka, ba a ba ni izinin bashi ba" ba tare da an ƙullace ta ba.

Bayan la'asar a karya farashi, a haɗa uku a kuɗin biyu, a yi gyara. Abin da aka fitar kada ya koma ɗaki.

Abin da ya rage

Zannuwa da kwanukan da suka yi saura masu ɗan daraja, a ba dillaliya ta zaga da su gidaje. A ƙirga a gabanta, a rubuta, a yanke la'adarta da ranar kawo kuɗi tun kafin ta ɗauka. Babban kayan da intanet ta ƙi, yanzu ne za ka kira ɗan sarin nan da ka ajiye lambarsa.

Ƙarafa na samarin nan ne masu tura kura suna kiran "kondem". An tashi filin 'yan tsofaffin ƙarafa na Agbogbloshie a 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, suna nan suna zagawa. Kada ka ba su a dunƙule: ware jan ƙarfe da alminiyum daban, sun fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba, kuma matacciyar fanka akwai jan ƙarfe a naɗe a cikinta. Tsofaffin wayoyi ka fara kai wa mai gyara, yana sayen su don kayan ciki, amma ka tabbata ba katin ajiya a ciki.

Tufafi da takalman yara masu kyau a wanke, a ninke, a kai wa malamin makarantar allo ko limamin unguwa, sun san gidan da ke da bukata. Wanda ya yage a yi tsumma da shi, za ka neme shi ranar share sabon ɗaki.